Kafin ka aika kuɗin haƙa rijiya gida: Gubar da ido ba ya gani

A ƙauyukan Madawa, Buza da Keita da ke jihar Tawa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ne madogarar jama'a idan rani ya tsananta. Shi ya sa ɗan cirani da ya samu buɗi yakan yi tunanin haƙa wa garinsu rijiya. Sai dai ba kowane ruwa garau ne lafiyayye ba.

Sinadarin arsenik yana narkewa ne daga wasu duwatsu ya shiga ruwa. Ba shi da launi, wari ko ɗanɗano, tafasawa kuma ba ta fitar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade maikurogiram 10 a kowace lita. Shan fiye da haka shekara da shekaru na jawo tabo a jiki, kaurin tafin hannu da na ƙafa, har da kansar fata, huhu da mafitsara, kamar yadda aka gani a Bangaladash.

Nijar ma ta san irin wannan masifa. A Tibirin Maradi, wani sinadarin daban, fulorayid, ya gurɓata ruwan famfo, ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara.

Don haka a cikin kuɗin rijiya, a ware na gwajin ruwa kafin kowa ya kai baki.