Ɗan Daɗin da Tsadar Rayuwa Ba Ta Ƙwace Ba

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabin rantsar da shi cewa tallafin man fetur ya ƙare, lissafin cefane ya rikice a gidajen Najeriya. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. A tsakiyar 2024 ɗin, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce farashin abinci ya tashi da fiye da kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. Magidanci dai bai jira alƙaluman hukuma ba, ya riga ya gani a kwanon awo. Gidan da ake ɗora tukunya sau uku ya koma sau biyu, wani ma sau ɗaya. Afafata, tsakin shinkafar da masu injin casa suke warewa a sayar wa masu kiwon kifi, ta shiga tukunyar mutane.

A irin wannan hali, duk wanda ya tashi yin maganar jin daɗi da godiya sai ya taka a hankali. Mun sha ganin mai hali, cikinsa cike, ya sauke gilashin mota ya ce wa talaka, "Ku riƙa godiya." Wannan toshe baki ne, ko da an sa masa rigar nasiha. Godiyar da nake nufi ita ce wadda mutum yake yi don kansa, ya tsira da hankalinsa, ya samu ƙarfin fita nema gobe. Kuma abin koyo ce, domin zuciya ba ta yin ta da kanta.

Dalili na farko, zuciya ba ta auna alheri da sharri da mudu ɗaya. Mutum goma su gaishe ka da fara'a, ɗaya ya ja maka tsaki, to da tsakin za ka kwana. A 2001 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Roy Baumeister, da abokan aikinsa suka tattara bincike masu yawa a kan aure, da kuɗi, da lafiya, da abota, suka ga kusan ko'ina mummunan abu ya fi kyakkyawa nauyi a rai, ko da girmansu ɗaya. Akwai hikima a cikin hakan: wanda bai lura da nunanniyar kanya ba kanya kawai ya rasa, wanda bai lura da maciji ba yana iya rasa ransa. Sai dai idan wahala ta daɗe, wannan ɗabi'a takan mamaye komai, mutum ya wuni yana ƙirga abin da babu.

Dalili na biyu shi ne sabo. Je ka unguwar da ta kwana uku cikin duhu a watan Afrilu, ka tsaya har a kawo wuta. Yara ne za su fara, daga wannan lungu zuwa wancan: "An kawo! An kawo!" Uwar gida ta tashi da gudu ta jera jarkokin zoɓo a firji, maigida yana laluben caja, fanka ta soma juyi, jaririn da ya hana kowa sakat saboda zafi ya yi luf. Bayan awa guda ba wanda zai sake ɗaga kai ya kalli ƙwan. Gidan da ya sa sola kuwa, yaransa ba su ma san wannan ihun ba. A 1978 Philip Brickman da abokansa suka yi hira da mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a cacar lotiri a jihar Illinois. Farin cikinsu bai fi na sauran mutane da wani abin a zo a gani ba, ƙananan abubuwa kuma irin su karin kumallo, da hira da aboki, da jin abin dariya, sun rage yi musu daɗi. Ba ina cewa talauci ya fi ba, wanda ya ɗanɗana shi ba zai yi wa kowa fatansa ba. Abin da nake cewa shi ne ni'ima ba ta jawo hankali da kanta, sai an juya an dube ta.

To yaya ake dubawar? A 2003 Robert Emmons da Michael McCullough suka raba ɗalibai gida uku. Kowane mako, na tsawon makonni goma, kashi ɗaya suna rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kansu, kashi ɗaya abubuwa biyar da suka ɓata musu rai, kashi na uku kuma abubuwan da suka faru kawai. Masu rubuta godiya suka fi jin gamsuwa da rayuwarsu, suka fi kyautata zato ga makon gaba, ƙorafin ciwon jiki ma ya ragu a wurinsu.

Mai karatu zai ce ai mu ba sai Bature ya koya mana ba, mun wuni muna cewa Alhamdulillahi. Gaskiya ne. "Ya aiki?" "Da godiya." "Ya iyali?" "Lafiya lau." Amma sau tari baki ne yake amsawa, zuciya tana can wajen kuɗin haya. Abin ɗauka a binciken nan shi ne ambaton abu da sunansa. "Na gode Allah da lafiya" daidai ne, amma "zazzaɓin autana ya sauka da asuba" ya fi zama a rai. Mai adaidaita ya rage min naira ɗari ban roƙa ba. Na dawo cikin rana na tarar da ruwan randa ya yi sanyi. Mangwaro ya yi arha, yara sun sha har gwiwar hannu. Ba sai an nemi littafi da biro ba. Bayan sallar isha'i, ko lokacin da aka zauna cin tuwon dare, a tambayi kowa, har ƙananan yara, abu ɗaya da ya yi masa daɗi yau. Amsar yara kaɗai ta isa ta sa a yi dariya.

Mafi yawan waɗannan ƙananan daɗin, idan ka bi diddigi, ta hannun mutane suke zuwa. Ɗauki ciyayya. Daf da magariba za ka ga yarinya ta fito da kwano a rufe, ta shiga gidan maƙwabta, ta fito da wani. Nan an yi tuwon masara miyar kuka, can an yi dambu ko ɗanwake. Abincin bai ƙaru ba, amma yaro ya ci kala biyu a dare ɗaya. Ciyayya kuma tana da wani aiki da ba a faɗa: idan kwano ya dawo wayam yau, ya sake dawowa wayam gobe, uwar gida ta gane ba a hura wuta a can ba, sai ta ƙara malmala ba tare da ta tambaya ba, ba tare da wani ya ji kunya ba. Tsadar nan ta sa gidaje da dama sun daina, wai abin da suka dafa bai kai a fitar ba. A ganina an yi asara. Lokacin da ludayin miya ya fi daraja shi ne yanzu.

Haka mai shagon da yake buɗe littafin bashi ya rubuta sunanka a shafin da ya riga ya cika, da mai shayin da yake ƙara maka ɗigon madara don ya ga fuskarka ba daidai ba. Su ma tsadar tana cinsu. Akwai hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito wanda ya ɗaure godiya ga Allah da godiya ga mutane. Godiyar mai shago kuwa ba ta tsaya a baki ba: ka biya ranar da ka ce, idan ba ka samu ba ka je da ƙafarka ka faɗa masa, kada ka sauya hanya.

Waya tana ɓata wannan lissafi. Minti goma a Instagram ko TikTok, ka ga lefe akwati goma sha biyu da biki a ɗakin taro mai sanyi, sai tuwon da ka ci da marmari ya zama abin raini. Ba a nuna maka bashin da aka ci ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya yi nuni da a dubi na ƙasa a sha'anin duniya maimakon na sama, amma kallon da bai motsa hannu zuwa aljihu ba, sai dai ya sa ka ji daɗin cewa wani ya fi ka shan wuya, bai cika manufar ba.

Godiya kuma ba ta hana tambaya. Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri, ya shiga fadar Shehun Borno da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni. Waɗanda suka fita da rai sun yi hamdala, kuma da bakin nan da suka yi hamdalar suka tambayi me ya sa aka bar madatsar da ta taɓa yi wa garin ambaliya a 1994 ta kai ga haka. Babu cin karo a tsakani. Shugaban da yake son a gode kada a tambaya, kansa yake karewa.

Akwai inda wannan duka ba ya kaiwa. A 2021 masu bincike biyu a Jami'ar Jihar Ohio suka duba gwaje-gwaje 27 na irin wannan atisayen godiya, suka ga tasirinsa a kan ciwon damuwa da fargaba ƙanƙani ne. Idan mutum ya yi sama da mako biyu ba ya jin daɗin komai, barci ya ƙaurace masa ko ya yi masa yawa, abinci ya fita a ransa, ya janye daga majalisa, ko ya fara cewa gara ya mutu, ce masa "ba ka da godiya" ƙarin kaya ne a kan wanda yake ɗauke da shi. Ciwo ne, kuma yana da magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Da wuya mai wannan ciwo ya kai kansa, don haka ɗan'uwa ko aboki ne zai ce masa ya shirya, ya raka shi har gaban likita.