Salman Hamdani: Kadet ɗin da Ya Nufi Wuta Ba Tare da An Aike Shi Ba

Ranar Talata, 11 ga Satumba 2001, Muhammad Salman Hamdani ba ya bakin aikin 'yan sanda. Ya fito da safe daga gidan iyayensa a unguwar Bayside da ke yankin Queens na birnin New York, zai tafi Jami'ar Rockefeller, inda bai daɗe da kama aiki a ɗakin gwaje-gwaje ba. Shekararsa 23. Bai isa wurin aikin ba, bai kuma dawo gida ba.

An haife shi a Karachi ta ƙasar Pakistan ranar 28 ga Disamba 1977, aka kawo shi Amurka yana ɗan wata 13. Shi ne babba cikin 'ya'ya maza uku. Mahaifinsa yana da kanti a Brooklyn, mahaifiyarsa Talat Hamdani malamar makaranta ce. Ya tashi kamar sauran yaran unguwa. Ya buga wa makarantarsu ta sakandare ƙwallon nan ta Amurkawa da ake runguma a ruga da ita, kuma yana da son fina-finan Star Wars har ya sa aka rubuta wa motarsa lamba da laƙabin jaruman fim ɗin. Ya karanta kimiyyar sinadaran jikin halitta a Kwalejin Queens, ya gama a 2001. Burinsa ya zama likita, kuma yana cikin neman gurbin karatun likitanci lokacin da abin ya faru.

Abu biyu ya haɗa da karatunsa, kuma su ne suka ja shi inda ya je. Yana da shaidar ma'aikacin agajin gaggawa, irin waɗanda ke bin motar ɗaukar marasa lafiya, su tsayar da jini, su ɗaure karaya, su riƙe numfashin mutum kafin a kai shi asibiti. Sannan kadet ne a rundunar 'yan sandan New York. Tsarin nasu ya bambanta da na makarantar 'yan sanda ta Wudil, inda ake kwana a tashi cikin horo har a fito da anini a kafaɗa. A can ɗalibin jami'a ne yake zuwa ofishin 'yan sanda na wasu sa'o'i yana koyon aiki, ana biyansa, ana tallafa masa da kuɗin karatu. Ba ya riƙe bindiga, ba a kuma tura shi fagen tashin hankali. Wannan matsayi na tsaka-tsaki, ɗan gida amma bai gama zama ɗan gida ba, ya yi ta bibiyar sunansa shekaru bayan mutuwarsa.

Da ƙarfe 8:46 na safe jirgin sama na farko ya daki dogon benen arewa na Cibiyar Kasuwanci ta Duniya. A nan gida lokacin ƙarfe biyu saura ne, mutanen Kaura Namoda da Shinkafi suna haramar sallar azahar. Da ƙarfe 9:03 jirgi na biyu ya shige benen kudu. Jirgin ƙasa mai lamba 7, wanda Salman ke hawa zuwa aiki, a kan gadar sama yake tafiya cikin Queens, fasinja na hango dogayen gine-ginen Manhattan ta taga. Daga nan ake kyautata zaton ya hango hayaƙin. Jami'ar Rockefeller tana can sama a gabashin Manhattan, benayen kuwa suna can ƙasa a bakin ruwa, tsakaninsu kilomita da dama. Ba hanyarsa ba ce ko kusa. Babu kwamandan da ya kira shi, babu rediyon da ya ambaci sunansa, kuma da ya wuce wurin aikinsa ya zauna gaban talabijin kamar miliyoyin mutane, ba mai ce masa don me. Ya saki hanyar aiki ya nufi inda jama'a ke gudowa.

Benen kudu ya rushe da ƙarfe 9:59, na arewa ya bi shi da ƙarfe 10:28. Kowannensu hawa 110 ne. Mutum 2,753 suka halaka a wurin, cikinsu har da 'yan kwana-kwana 343, da 'yan sandan birnin 23, da 'yan sandan hukumar tashoshi 37.

Da farko iyayen Salman ba su tsorata sosai ba, tunda ɗansu ba a wancan gefen yake aiki ba. Da dare ya yi, gari ya waye, ba shi ba labarinsa, sai hankali ya tashi. Suka shiga asibiti-asibiti, suka duba jerin sunayen waɗanda aka kwantar, suka buga hotonsa suna liƙawa a bango kamar yadda dubban iyalai ke yi a makonnin nan. Ko sama ko ƙasa.

Wanda bai taɓa jiran ɓataccen mutum ba zai ɗauka mutuwa ce ƙarshen baƙin ciki. Mutanen ƙauyen Banga da ke yankin Kaura Namoda sun fi kowa sanin ba haka ba ne. A 2025 sun yi wata da watanni suna jiran 'yan uwansu da 'yan bindiga suka kwashe, aka haɗa kuɗin fansa aka kai, sannan labari ya zo cewa an kashe fiye da 30 daga cikinsu. Mai jira ba ya zaman makoki, ba ya karɓar gaisuwa, ba ya iya cewa Allah ya jiƙan wane, domin bakinsa ba zai yarda ba. Kowace ƙarar waya sai gabansa ya faɗi. Har abin da a da zai kira masifa, yanzu shi yake roƙon Allah ya sa ya zama shi ne. Haka ta faru da Talat Hamdani. A lokacin gwamnatin Amurka ta kama mutane sama da 1,000, yawancinsu Musulmi baƙi, tana tsare da su ba tare da bayyana sunayensu ba. Uwar ta koma fatan a ce ɗanta yana cikinsu. Uwa tana addu'ar ɗanta ya kasance a kurkuku, don wanda ke kurkuku yana numfashi.

A watan Oktoba iyayen suka tafi Makka don su kai kukansu Ɗakin Allah. A daidai wannan lokaci ne aka shafa wa ɗansu kashin kaji. Ranar 12 ga Oktoba jaridar New York Post ta buga labari da kanun da ke tambaya ko kadet ɗin nan ɗan Pakistan ɓata ya yi, ko kuwa ɓuya yake yi. Aka yi ta maganar wata takarda mai hotonsa da ke yawo, wai ana nemansa don a yi masa tambayoyi. 'Yan jarida suka yi dafifi a ƙofar gidan. Me aka riƙe a kansa? Musulmi ne, an haife shi a Pakistan, ya karanta ilmin sinadarai, yana da katin shaidar 'yan sanda, kuma ya ɓace ranar da aka kai hari. Duk abin da iyayensa ke alfahari da shi, karatunsa da hidimarsa, shi aka juya ya zama abin tuhuma. Daga baya wasu marubuta a Amurka sun ce an zuzuta batun, wai ai jarida ɗaya ce ta buga, hukuma kuma ba ta taɓa tuhumarsa a rubuce ba. Ni ban ga inda wannan ya rage nauyin abin ba. Uwar da ke neman gawar ɗanta ba ta bukatar jarida goma kafin zuciyarta ta tsage, kuma maƙwabcin da ya karanta kanun sau ɗaya ya riga ya karanta.

Akwai abin da ya kamata mu ma mu tuna game da wannan rana. Ranar 12 ga Oktoba 2001 Juma'a ce, kuma a ranar ce aka yi zanga-zanga a Kano bayan an sauko daga masallaci, ana adawa da ruwan bama-baman da Amurka ta fara yi wa Afganistan ranar 7 ga watan. Abin ya rikiɗe ya zama rikici, aka yi asarar rayuka da dukiya. A watannin nan an raɗa wa jarirai da yawa suna Usama a ƙasar Hausa. Fushin da mutane ke yi da siyasar Amurka yana da tushe, amma ya rufe mana ido daga waɗanda ke ƙarƙashin ɓaraguzan, cikinsu har da Musulmi masu sallah da azumi, da ma'aikatan gidan abinci, da masu shara, da baƙi 'yan ci-rani daga ƙasashe da dama. Sunan wanda ya shirya kisan ya shiga kowane lungu namu. Sunan yaron da ya ruga ceto bai iso ba. A ganina, idan ana neman Musulmin da ya yi abin da addini ya koyar a wannan safiya, Salman ne.

Abin mamaki, a cikin watan da ake zarginsa, majalisar dokokin Amurka ta rubuta sunansa cikin doka. Dokar yaƙi da ta'addanci da aka fi sani da Patriot, wadda Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu ranar 26 ga Oktoba 2001, tana da sashe na 102 da ke yin tir da tsangwamar Larabawa da Musulmin Amurka. A nan aka ambace shi a matsayin misalin jarumtaka, matashi ɗan shekara 23 da ake jin ya tafi ba da agaji kuma har lokacin ba a gan shi ba. Dokar da ta yabe shi ita ce kuma ta faɗaɗa ikon hukuma na leƙen asiri da tsare baƙi, abin da Musulmin ƙasar suka daɗe suna kuka da shi, mahaifiyarsa ma tana cikin masu sukar ta.

Sai a watan Maris 2002 'yan sanda suka ƙwanƙwasa ƙofar gidan. Ashe tun watan Oktoba masu tono suka tsinci sassan jikinsa a ɓaraguzan benen arewa, amma sai da aka yi gwajin ƙwayoyin halitta kafin a tabbatar da ko wane ne. Gunduwa 34 aka samu. Kusa da shi akwai jakar kayan agajin gaggawa. Wata shida ana tambayar inda ya ɓuya, alhali ya faɗi ne a wurin da 'yan kwana-kwana suka faɗi.

Ranar Juma'a, 5 ga Afrilu 2002, aka yi masa sallah a babban masallacin Cibiyar Al'adun Musulunci da ke titi na 96 a Manhattan. An lulluɓe akwatin da tutar Amurka, 'yan sanda suka yi masa karramawar da suke yi wa nasu. Magajin gari Michael Bloomberg ya halarta, da kwamishinan 'yan sanda Raymond Kelly, da ɗan majalisa Gary Ackerman. Bloomberg ya yabe shi da cewa ya nufi wurin da yawancin mutane za su juya wa baya. Mahaifinsa bai daɗe ba bayan wannan, ya rasu a 2004.

Da a ce labarin ya tsaya nan, sai a ce an wanke shi an huta. Amma uwar ta ci gaba da faɗa, ta shiga ƙungiyar iyalan mamatan 11 ga Satumba masu adawa da yaƙi, tana yawo tana magana a madadin Musulmin da ake yi wa kallon tuhuma. Ranar 10 ga Maris 2011 kwamitin tsaron cikin gida na majalisar wakilai, ƙarƙashin Peter King, ya yi zaman sauraron bahasi kan tsattsauran ra'ayi tsakanin Musulmin Amurka. Keith Ellison na jihar Minnesota, Musulmi na farko da aka taɓa zaɓa a majalisar, ya ba da labarin Salman a gaban kwamitin. Bai iya kai ƙarshe da muryarsa daidai ba, kuka ya ci ƙarfinsa a bainar jama'a.

A watan Satumba na 2011 aka buɗe dandalin tunawa da mamatan a inda benayen suke a da. An haƙa manyan tafkuna biyu, an zana sunaye a kan allunan tagulla kewaye da su, kowa tare da mutanensa: ma'aikatan kamfani wuri ɗaya, fasinjojin jirgi wuri ɗaya, masu aikin ceto wuri ɗaya. Talat Hamdani ta sa ran ganin sunan ɗanta cikin masu ceto. Ba a sa shi a nan ba. An kai shi wani allo a tafkin kudu, mai lamba S-66, tare da waɗanda ba a haɗa su da wata ma'aikata a wurin ba. Dalilin shi ne kadet bai kai cikakken ɗan sanda ba, kuma ba wata hukuma da ta tura shi. Rundunar 'yan sandan ma ba ta lissafa shi cikin mutanenta 23 ba. Wato rashin aike, wanda shi ne ya ɗaukaka abin da ya yi, shi ne kuma ya hana shi shiga sahun. Wannan hukunci bai kwanta mini ba. Wanda aka tura yana da umarni a bayansa da albashi a gabansa, kuma duk da haka mun yarda jarumi ne. To ina ga wanda ba abin da ya tura shi sai horon da ya samu da tausayin da ke ransa?

Mu da ke zaune inda kalmar "infoma" ke iya kashe mutum kafin a bincika, mun san saurin da zato ke yi. A garuruwan Zurmi da Shinkafi da Kaura, mutum kan shiga bakin duniya saboda ƙabilarsa, ko sana'arsa, ko don an ga ya shiga daji ya fito lafiya. Akwai masu kai rahoto ga 'yan bindiga da gaske, ba mai musun haka, kuma sun jawo asarar rayuka. Amma akwai kuma wanda aka ɗora wa sunan a banza, iyalinsa suka rasa shi suka kuma rasa masu yi musu gaisuwa. Salman ya samu gwajin kimiyya da ya tsaya masa, da jaka da ta yi masa shaida, da uwa mai ilmi da bakin magana wadda ta ƙi yin shiru. Yawancin namu ba su da ko ɗaya daga ciki.

Kwalejin Queens da Jami'ar Rockefeller sun kafa tallafin karatu da sunansa. A watan Afrilu 2014, kusan shekara 13 bayan rasuwarsa, hukumar birnin New York ta raɗa wa wani yanki na titi na 204 a Bayside, unguwar da ya tashi, sunan Salman Hamdani. Mahaifiyarsa ta halarci bikin, kuma ba ta janye bukatarta ba ta a mayar da sunansa cikin jerin masu aikin ceto.