Abin Da Ya Sa Nas Take Kama Hannun Majiyyaci

Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti ya ga wannan. Da sassafe nas za ta zo bakin gado, ta kama wuyan hannun majiyyaci, ta zuba wa agogonta ido, ta yi shiru. Mai kallo sai ya zaci gaisuwa ce. Ashe ƙidaya take yi.

Zuciyar mutum ba ta fi dunƙulen hannunsa girma ba, amma ba ta hutawa dare da rana. Duk sa'ad da ta matse, sai ta tura jini cikin jijiyoyi, kamar yadda zugazugin maƙeri yake tura iska. To, a wuyan hannu, wajen gindin babban yatsa, akwai wata jijiya da ta bi bisa ƙashi, kusa da fata. Nan ake jin motsin jinin, watau bugun zuciya. Nas takan ɗora yatsu biyu ko uku a wurin. Ba ta sa babban yatsanta, domin shi ma yana da nasa bugun, kada ta ƙidaya nata tana tsammani na majiyyaci ne.

Zuciyar babban mutum mai lafiya, in yana hutawa, takan buga sau 60 zuwa 100 a minti guda. Ta jariri sabon haihuwa kuwa ta fi sauri, takan kai wajen 140. Gudu da tsoro da zazzaɓi duk suna ƙara mata sauri, saboda haka ba a gwada yaron da ya shigo yana haki sai ya huta.

Ba yawan bugun kaɗai ake dubawa ba, har da ƙarfinsa. Yaron da zawo da amai suka kama, ruwan jikinsa yakan ƙare, jininsa ya ragu. Zuciya ta yi ta sauri don ta cike gurbi, amma bugun ya zama siriri kamar zare, da ƙyar yatsa yake jinsa. Wannan yaro ba ya jiran gobe. Nan take za a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, in ya kasa sha a yi masa ƙarin ruwa ta jijiya.

Sa'an nan nas ta rubuta abin da ta samu a takardar majiyyaci, tare da lokacin. Nas ɗin da ta yi ƙiwuya ta rubuta lamba da ka, ba ta ƙidaya ba, ta yaudari likita, ta kuma cuci mai ciwo. Don haka sista, wadda take shugabancin ɗakin, takan bi takardun nan ɗaya ɗaya kafin masu aikin rana su miƙa wa masu aikin dare. In aka ga bugun wanda aka yi wa tiyata ya tashi daga 90 zuwa 110, ya kuma haura 130, mai yiwuwa jini ne yake zuba a cikin cikinsa, inda ido ba ya gani. Sai a aika a taso likita, ko da ƙarfe biyun dare ne.