Akwatin tafiya ba akwatin lefe ba ne

A watan Nuwamban 2023 kamfanin jiragen saman Habasha, Ethiopian Airlines, ya sanar cewa ya daina karɓar jakar Gana-mas-go daga fasinjojin Najeriya, sai fa idan an saka ta a cikin kwali ko wani mazubi mai tauri mai kusurwa huɗu. Har yau maganar ba ta bar bakin matafiyanmu ba, musamman 'yan kasuwar da ke tashi daga Kano su yada zango a Adis Ababa kafin su wuce Cana ko Dubai, da masu zuwa Umra ta wannan hanya. Wasu sun ce raini ne, an ga jakar talaka ce. Wasu sun ce baki aka haɗa da masu sayar da akwati.

Ba raini ba ne, inji ne. Daga lokacin da ma'aikaciyar wurin awo ta liƙa wa kayanka lamba suka shige bayan labule, ba hannun mutum ke ɗauke da su ba, bel ne mai gudu a kan tayoyi, yana hawa yana sauka yana shan kwana. A filin jirgin Dubai tsawon wannan hanyar kaya ya kai kilomita 140, kusan tafiyar Kano zuwa Zariya. Jakar da aka cusa wa kaya har ta yi tumbi, aka ɗaure ta da igiya, ba ta zama daram a kan bel. Mirginawa take yi, hannunta ko bakin igiyar ya maƙale, sai layi ya tsaya cak, kayan mutum ɗari su rasa jirginsu saboda jaka ɗaya. Shi ya sa tun a watan Maris na 2017 Dubai ta kafa dokar cewa duk kayan da ba su da ko gefe ɗaya shimfiɗaɗɗe ba za a karɓe su ba.

Abin da ya biyo bayan hanin shi ya fi damu na. Mutanenmu sun bar Gana-mas-go, amma sai suka koma wa babban akwatin cikin saitin lefe, wannan mai sheƙi da ake ajiyewa a ƙasa idan an jera. Wanda bai da shi a gida ya shiga kasuwar Sabon Gari ya ce a ba shi mafi girma, ya ƙwanƙwasa bayansa da yatsa, ya ji ya yi ƙara kamar ƙofa, ya ce wannan ƙarfe ne. A nan kuskuren yake, kuma kuskure biyu ne a haɗe: ɗaukar girma a matsayin riba, da ɗaukar tauri a matsayin ƙarfi.

Mu fara da taurin, don shi ne mutane suka fi musu a kai. Akwatunan roba masu tauri da ke kasuwa ba daga abu ɗaya aka yi su ba, ko da fentinsu iri ɗaya ne. Mafi araha, kuma mafi yawa a shagunanmu, ana yin su da wata roba da ake rubuta wa ABS. Tana da tauri a hannu, amma taurin ƙwarya ne. Ka riƙe ƙwarya ka ji ta ƙam, ka sake ta a kan siminti ta dare gida biyu. Ka saki kofin roba na ɗan yaye daga wuri guda, sai ya yi tsalle ya mirgina, ka ɗauka ka ɗauraye. Busasshen karan dawa ya fi tsumagiya tauri, amma lanƙwasa ɗaya yake karyewa, ita kuwa tsumagiya ta lanƙwashe ta miƙe. Tukunyar ƙasa ta fi salka tauri, amma salka ake ratayawa a jikin raƙumi. Akwatin da zai rayu a hannun masu lodi shi ne wanda idan ya daku zai lotsa ya dawo, ba wanda zai tsaya ƙiƙam har sai ya fashe ba.

Robar da ke yin haka ita ce folikabonet, wadda ake rubuta wa PC a takardar da ke rataye jikin akwati, sai kuma 'yar'uwarta folifirofilin, mai alamar PP, wadda ta fi sauƙin nauyi. Kamfanin Rimowa na Jamus ne ya fara fito da akwatin folikabonet a shekarar 2000, yanzu kuwa kamfanoni barkatai na yi. A kula da takardar da aka rubuta wa ABS da PC tare, domin sau da yawa ABS ce a ciki aka yi mata siririyar shimfiɗar folikabonet a sama don sheƙi. Idan babu takarda, gwajin yana hannunka. Buɗe akwatin, ka sa tafin hannu a tsakiyar murfin ka danna. Idan ya lotsa ya dawo ba tare da ya bar farin tabo ba, ka samu. Idan ya ƙi motsi, ko ka ji yana ƙas-ƙas kamar zai tsage, mayar wa mai shago abinsa komai kyan launinsa.

Na taɓa tsayawa a bakin bel ɗin ɗaukar kaya a Jidda kusa da wata dattijuwa da muka taso jirgi ɗaya. Akwatinta ya fito, ruwan gwal, sabo fil, ledar kamfani ma ba a gama cire masa ba. Kusurwa ɗaya ta fashe har ana hango zanen da ke ciki, taya ɗaya babu, sai ramin da ta fita. Ta dafa shi tana cewa jiya-jiya ɗanta ya sayo mata. Haka muka kama mata shi mu biyu har bakin mota, wani bawan Allah ya ba ta igiya ta ɗaure. Bayan nata kuma wata tsohuwar jakar yadi ta fito, ta koɗe, ta sha tafiya, ko ƙwarzane babu.

Don haka kada wanda ke yawan tafiya ya raina akwatin yadi. Mai kaurin zaren nailan yana jure jifa da goga fiye da robar banza, yana da aljihu a waje, yana kuma ɗan buɗawa idan kaya sun ƙaru. Rauninsa ruwa da wuƙa, da kuma cewa ba ya kare abin fashewa. Mai ɗauko turare ko kayan gilashi ya nemi mai tauri na kirki. Mai ɗauko atamfa da shadda da abaya, yadi ya ishe shi.

Sai batun girma, wanda lissafi ne kawai amma ba a yin sa sai a gaban sikeli. Yawancin kamfanonin da ke tafiyar ƙasashen waje suna ba fasinjan kujerar gama-gari kilo 23 a kowane akwati, kuma idan aka haɗa tsawo da faɗi da kauri kada su wuce santimita 158, har da tayoyi da hannu. Babban akwatin nan na saiti yakan kai santimita 80 a tsaye, 55 a faɗi, 33 a kauri. Haɗa ka gani: 168. Tun babu ko ɗankwali a ciki ya karya doka. Sannan shi kansa yakan yi kilo 5 zuwa 6, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na rabonka ya tafi a kan mazubi. Ga shi kayanmu masu nauyi ne. Turamen atamfa da shadda da dabino sukan cika kilo 23 tun akwatin bai wuce rabi ba, mai shi kuwa ya ga fili ya ci gaba da zubawa. A ƙarshe sai ka gan shi durƙushe a tsakiyar fili yana fito da kayansa a idon jama'a, ko yana biyan kuɗin rara da suka fi ribar kayan. Kuma akwai iyakar da kuɗi ba ya ɗagawa: a yawancin kamfanoni akwati ɗaya ba ya wuce kilo 32, saboda mutum ne zai ɗaga shi da bayansa ya jefa cikin jirgi. Matsakaicin akwati mai tsayin santimita 65 zuwa 70, wanda nauyinsa bai wuce kilo 4 ba, shi ne na matafiyi. Biyu irinsa sun fi ƙato ɗaya. Ƙaramin sikelin rataye da ake sayarwa a kasuwa kuwa ya fi kowace addu'ar Allah Ya sa kada a auna.

Jakar hannu ba ta buƙatar dogon bayani. Kilo 7 ne a yawancin kamfanoni, tsayinta wajen santimita 55, amma kowane kamfani da nasa awon, a duba tikiti. Abin da ya kamata a nanata shi ne abin da ke shiga cikinta: fasfo, kuɗi, gwal, magani, waya, kwamfuta, da kayan sawa na kwana ɗaya. Fawa-bank da duk wani batirin litiyam da ba a cikin na'ura yake ba, a hannu ake riƙe su, haramun ne a cikin kayan da za a auna, domin idan ya kama wuta a ɗakin fasinja za a gani a kashe, a ƙasan jirgi kuwa babu mai gani. Akwatin zamani mai cajin waya ma, tun 2018 kamfanoni suka daina karɓarsa sai idan batirinsa na ciruwa.

Ka tambayi masu gyaran jaka a kowace kasuwa, za su gaya maka ba jikin akwati ke fara mutuwa ba. Taya ce, da zif, da sandar ja. Taya a jikin akwati ba tsohon abu ba ne. Wani Ba'amurke, Bernard Sadow, shi ya shigo da akwati mai taya kasuwa a 1970, sannan a 1987 wani matuƙin jirgi, Robert Plath, ya fito da mai taya biyu da sandar ja, irin wanda ma'aikatan jirgi ke ja har yau. Ba banza suka riƙe shi ba. Tayoyi biyun a lume suke cikin jikin akwatin, ba abin da zai fizge su. Mai taya huɗu kuwa daɗin turawa gare shi a kan tayil ɗin filin jirgi, amma tayoyinsa a waje suke tsaye kamar ƙafafun kaza, su ke fara cin karo da bel, kuma da ka fito inda kwalta ta ƙare sai ka ɗauka a ka. Idan mai huɗun kake so, nemi wanda kowace ƙafa tagwayen taya ce, kuma da sukuru aka ɗaure ta ba a narke ta da jikin robar ba, don wadda aka ɗaure ana canza ta. Sandar ja kuma a zaro ta har ƙarshe a girgiza. Idan tana rawa a shago, ba za ta ga tafiya ta uku ba.

Zif shi ne inda muka fi yaudarar kanmu. Mukan sayi ƙaton kwaɗo mu maƙala, hankali ya kwanta. Alhali zif ɗin roba na yau da kullum da tsinin biro ake huda shi, ya buɗe baki, a ɗauki abin da za a ɗauka ko a saka abin da za a saka, sannan a ja kan zif ɗin da kwaɗon nasa a kai ya koma ya rufe kamar ba a taɓa ba. Maganinsa akwati mai zif ninki biyu, ko wanda kan zif ɗinsa ke shiga makullin da ke manne a jikinsa ta yadda ba ya yawo, ko wanda ba shi da zif sam sai maƙalai. Naɗe akwati da leda ma ba ƙauyanci ba ne. Ba ta hana ɓarawo, amma tana tona shi.

Wannan ba maganar sata kaɗai ba ce. Ba mu manta da ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, bayan an sami ƙwayoyi a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Binciken hukumar NDLEA mai yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi ya gano cewa wasu ne a filin jirgi suka liƙa wa jakar lambarta ba da saninta ba, kuma sai a watan Afrilun 2019 aka sake ta. Saboda haka a tsaya a ga an liƙa lamba a kan kowane akwati, a ƙirga 'yan takardun shaidar da aka manna a bayan tikiti, a tabbata yawansu ya yi daidai da yawan kayan da aka bayar, a ɗauki hoton akwatunan a kan sikeli. Alhazai da ake raba wa jaka iri ɗaya su rubuta suna da lambar waya ciki da waje da babban alƙalami. A kuma cire tsofaffin lambobin tafiyar baya, don suna rikita na'urar da ke karantawa.

Komai kyan akwatin, wata rana zai iya fitowa a fashe ko ya ƙi fitowa. A nan ne na fi jin takaici, domin akwai haƙƙi, amma ba a gaya wa mutane. Hukumominmu na sufurin sama da na alhazai suna yin bita a kan abubuwa da yawa, ban ga abin da zai hana a rubuta wannan da Hausa a kafa a bakin bel ba. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke cikinta, ta ɗora wa kamfanin jirgi alhakin kayan da ya karɓa a tafiyar ƙasa da ƙasa, kuma daga ƙarshen Disamban 2024 iyakar diyyar ta kai kimanin dalar Amurka 2,000 ga kowane fasinja, gwargwadon asarar da ya iya nunawa. Amma tana da wa'adi. Kayan da suka lalace, kwana 7 gare ka ka kai ƙorafi a rubuce. Waɗanda suka makara, kwana 21 daga ranar da suka iso hannunka. Waɗanda suka kwana 21 ba su zo ba, ana lissafa su a ɓatattu.

Dattijuwar nan ta Jidda ba ta san da wannan ba, ni ma a lokacin ban sani ba, da ban bari mun fita ba. Mai karatu, idan naka ya fito a fashe, kada ka ce ƙaddara ce ka ja shi ka tafi. Ka tsaya a teburin ƙorafin kaya da ke nan cikin zauren kafin ka wuce kwastan, a cika maka takardar rahoto, ka karɓi kwafinka mai lamba, ka haɗa da tikitinka da shaidar kayanka ka adana.