Jirin da ake maganinsa da juya kai

Ga manomin da ya duƙa yana dashen shinkafa a fadamar Kalgo, ko dattijon da ya ɗago daga sujada a masallacin Gwandu, ya ga duniya na juyawa da shi, abin da kan fara zuwa a zuciya shi ne ƙarancin jini ko hawan jini. Wasu ma kan danganta abin da iska.

Sai dai sau da yawa matsalar tana can cikin kunne ne, kuma maganinta ba ƙarin ruwa ba ne.

Abin da ke faruwa a kunne

Bayan ji, kunne na da wani aikin, wato daidaita tsayuwar mutum. A can ƙuryarsa akwai wasu 'yan bututu guda 3 cike da ruwa, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa duk inda kai ya juya. Kusa da su kuma akwai wata 'yar jaka mai ɗauke da ƙananan tsakuwoyi na sinadarin kalsiyam.

Idan tsufa ko buguwar kai, kamar a haɗarin babur, ta sa tsakuwoyin suka ɓalle suka faɗa cikin bututu, sai su riƙa kaɗa ruwan, ƙwaƙwalwa ta ɗauka cewa mutum na juyawa alhali yana wuri guda.

Irin wannan jiri, ko hajijiya, likitoci na kiransa BPPV. Yakan taso ne yayin juyi a kan gado, ko ruku'u, ko ɗaga kai sama, kuma ba ya cika wuce minti ɗaya. Ya fi kama mata da kuma waɗanda suka haura shekara 50.

Yadda ake mayar da tsakuwoyin

A shekarar 1952 wasu likitoci a Landan, Margaret Dix da Charles Hallpike, suka bayyana hanyar gano cutar: a kwantar da mutum da sauri, kansa a karkace, a duba ko idanunsa na rawa.

A 1992 kuma wani likitan kunne ɗan Amurka, John Epley, ya wallafa hanyar magani. Majinyaci zai zauna a kan gado, a karkata kansa ɓangaren kunnen da ke da matsalar, a kwantar da shi rigingine. Bayan kamar daƙiƙa 30 sai a juya kan zuwa ɗaya ɓangaren, sannan a mirgina shi har fuskarsa ta dubi ƙasa, daga nan a tayar da shi zaune.

Ta haka tsakuwoyin ke gangarawa su koma mazauninsu. Akasarin majinyata kan samu sauƙi bayan an yi musu sau ɗaya ko biyu, kodayake jirin na iya dawowa.

Akwai kuma jirin da kumburin jijiyar kunne ke haddasawa, mai ɗaukar kwanaki. Shi kuwa ma'aikatan sashen gashin ƙashi kan koya wa majinyaci atisayen kafa ido a kan abu guda yana kaɗa kai, har ƙwaƙwalwa ta saba. Daɗewa ana shan ƙwayoyin jiri irin su Stugeron na jinkirta wannan sabo.

Inda ake buƙatar gaggawa

Ba kowane jiri ne na kunne ba. Idan ya zo tare da karkacewar baki, ko sarƙewar harshe, ko ganin abu bibbiyu, ko mutuwar hannu ko ƙafa, to alamun shanyewar ɓarin jiki ne, kuma wajibi ne a garzaya asibiti nan take.

Shi ya sa bai kamata mutum ya fara juya kansa a gida ba tare da likita ya tabbatar da cutar ba, musamman mai ciwon wuya.

Mutanen Gwandu da Kalgo na iya farawa daga asibitocin garuruwansu, ko asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi. Akwai ƙwararrun likitocin kunne a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Kafin a samu ganin likita, wanda ke fama da jiri ya guji tuƙi, da hawa sama, da jan ruwa a bakin rijiya, domin faɗuwa ce babban haɗarin, musamman ga tsofaffi. Shari'a ma ta sauƙaƙa wa wanda ba ya iya tsayuwa ya yi sallarsa a zaune.