Abin da Ke Gindin Tukunya

Duk macen da ta taɓa dafa wake ta san tukunya ba ta yin bori haka kawai. Ko dai itace ya yi yawa a murhu, ko kuwa mai girkin ta leƙa maƙwabta ta bar wuta tana ci. In ta dawo ta tarar kumfa ta zubo har ta kashe rabin garwashi, ba ta tsayawa zagin tukunya, tsugunnawa take ta duba gindi. Mu kuwa in mutum ya yi bori, ya ɗaga wa matarsa hannu ko ya zaro wa abokin aikinsa lauje a kan kuɗin da bai kai na goro ba, sai mu ce halinsa ne, ko gadon gidansu ne, ko iska ce ta taɓa shi. Da wuya ka ji wanda ya tambayi abin da ya ci tun safe, ko abin da ya haɗiya.

Jikin ɗan Adam yana da tasa wutar. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙululu da ke sakin sinadarin adirinalin cikin jini da zarar an tsorata ka ko an ci maka fuska. Shi ne ke sa zuciya bugawa da sauri, ido ya kaɗa, hannu ya soma rawa. Wannan wuta ba abar ƙi ba ce, ita ke sa manomi ya yi tsalle in ya taka kububuwa a kunya. Sannan akwai mai girki, wato sashen ƙwaƙwalwa da ke daidai bayan goshi. Aikinta ta zauna a bakin murhu, in wuta ta yi yawa ta zare itace, in kumfa ta taso ta ɗaga murfi ta yayyafa ruwa. Ita ce ke ce maka dakata, wannan fa surukinka ne. Masana sun ce ba ta gama ƙwarewa sai mutum ya doshi shekara 25, shi ya sa tukunyar samari ta fi ta dattawa saurin zubowa.

Ita ma mai girkin sai ta ci take iya aiki. Ƙwaƙwalwa ba ta da wani girma, amma tana cinye wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci, kuma sukarin cikin jini ne cimarta. In ya yi ƙasa, sai ta soma gyangyaɗi, jiki kuma ya ƙara sakin adirinalin don ya tono sukarin da ya ajiye a hanta. Ka ga an ƙara itace a daidai lokacin da mai kula da wutar take barci. A 2014 wasu masana a Amurka sun bi ma'aurata sama da ɗari har mako uku suna auna musu sukari, kowa an ba shi 'yar tsana a madadin mijinta ko matarsa, da allurai, ya soka gwargwadon haushin da yake ji. Ranar da sukari ya sauka, ranar 'yar tsana ta fi shan allura.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne wurin mai ciwon suga. Dattijo ne mai sanyin hali, ya sha Daonil ko ya yi allurar insulin da safe, ya tafi kasuwar Rogo bai karya ba. Kafin azahar sai ka ga gumi ya jiƙa masa wuyan riga, leɓe yana rawa, yana yi wa ɗan da ya zo ɗaukar masa kaya tsawa, yana ture mutane, maganarsa ba kai. Masu wucewa su ce tsufa ne, wasu su fara tofi. Wanda ya sani kuwa sai ya jiƙa sukari a kofi ya ce, "Baba, daure ka kurɓi wannan." Cikin ɗan lokaci sai ka ga mutum ya dawo hayyacinsa yana tambayar me ya faru. In har ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake nufa da shi a guje.

Akwai kuma yumɓun da aka gina tukunyar da shi tun farko. Maginiya ta san in yumɓu bai samu kwaɓi ba, in gashi bai kai ba, tukunya za ta fito da kyau a ido amma ba za ta jure wuta ba. A tsibirin Morishas an duba yara kusan dubu biyu suna 'yan shekara uku, aka ware masu alamun tamowa: gefen baki a tsattsage, gashi ya yi ja ya yi sharashara, jini ya yi ƙaranci. Da aka bi su zuwa shekara 8 da 11 da 17, sai aka tarar sun fi sauran yawan faɗa da rashin natsuwa. Waɗannan alamu duk uwar da ta yi goyo a ƙauyukanmu ta san su, musamman cikin marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai iso ba. Gubar dalma ma haka take yi wa yumɓu. Wadda ta ɓarke a garuruwan haƙar zinare na Zamfara a 2010 ta kashe yara sama da 400, kuma ko kaɗan ce ta shiga jikin yaro tana taɓa wannan sashe na bayan goshi.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne ana iya ɗan gyara. A wani gidan yarin matasa da ke Ailisbari a Ingila an raba fursunoni 231 gida biyu, rabi ana ba su bitamin da sinadaran abinci da man kifi, rabi ana ba su ƙwayar da babu komai a cikinta. Sakamakon da ya fito a 2002 ya nuna laifukan rukunin farko sun ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Ba cewa nake kifi maganin dabanci ne ba. Amma mutanen da ke zaune a bakin madatsar ruwa ta Challawa, ga karfasa ga tarwaɗa, ga wake ga gyaɗa ga zogale a bayan ɗaki, bai kamata a kwashe mai kyan duka zuwa kasuwa a bar yara da gayan tuwo da ruwan kuka ba.

To, sai kananzir, wato ƙwayoyi, wanda shi ne ya fi damuna. Yaro zai fita ƙwadagon noma da asuba, cikinsa babu komai sai shayi, ya jefa tiramol a ciki don kada ya ji gajiya. Wanda likita ke rubutawa mai lamba 50 ne ko 100. Wanda ke yawo a faranti da aljihun masu talla yakan kai 225. Ƙwayar tana toshe jin ciwo, tana kuma hargitsa sinadaran da ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su, har takan jefa mutum cikin jijjiga kamar mai farfaɗiya. Ya yi noman mutum biyu, gaskiya ne. Amma ka same shi da yamma in ta sake shi, ko ranar da bai samu ba: jiki na ciwo, barci ya ƙaurace, ko sallama ka yi masa sai ya ji kamar zagi. Su kuwa rochi da diyazefam da kodin da giya ba itace suke ƙarawa ba, mai girkin suke kwantarwa. Shi ya sa za ka ga wanda ya sha su jikinsa a mace, amma ya aikata abin da in ya farka ba ya ma tunawa. Rahoton 2018 na binciken da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta wajen mutum ɗaya cikin shida na baligan Jihar Kano ya taɓa irin waɗannan abubuwa a cikin shekara guda. A watan Mayun shekarar ne gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan wani fim da BBC ta fitar a kan shansa. Duk wanda ya ɗauka wannan matsalar birni ce, bai zauna a teburin mai shayi na ƙauye lokacin shuka ba.

Har maganin da aka sha da kyakkyawar niyya yakan hura wuta. Dekzametazon da 'yan mata ke saya don su yi ƙiba yana hana barci, yana sa saurin hasala, wani lokaci har ya juya tunani. Finobabiton da ake ba yaro mai farfaɗiya kan mayar da shi mai rigima da rashin zama wuri ɗaya, sai a yi ta dukansa a gida da makarantar allo, alhali canjin magani yake bukata. Ba magani kaɗai ba, ciwon maƙoƙo ma akwai irin wanda ke sa jiki gudu: mace tana ci tana ramewa, tana gumi, ƙirjinta na dukan uku-uku, kowa a gidan ya ce ta zama masifaffiya.

Wannan duka bai wanke wanda ya yi duka ba. Wadda aka fasa wa baki an fasa mata, haƙƙinta yana nan, kuma dubban mutane suna kwana da yunwa ba su taɓa marin kowa ba. Abin da nake roƙo shi ne in an kai ƙara gaban mai unguwa ko dagaci a ƙasar Karaye, bayan an yi sulhu an ba mai gaskiya gaskiyarsa, wani dattijo ya ja yaron gefe ya ce, "Ɗana, faɗa mini tsakaninka da Allah, me kake sha?" In abin ya yi nisa, ga cibiyar gyaran hali nan kusa a Kiru, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Kada kuma a ƙwace ƙwayar rana ɗaya a kulle shi a ɗaki. Wanda ya daɗe kan diyazefam ko dekzametazon, yanke su farat ɗaya na iya kai shi ga halaka, likita ne ke rage su sannu a hankali. Ranar zuwa asibiti a tattara kwalaye da fankon duk abin da yake sha a leda a tafi da su, har na gargajiya, a gaya wa likita guda nawa yake sha a rana da kuma tun yaushe.