Shayin rage ƙiba: yana gyara ƙoda ne ko yana ƙarasa ta?

Daga Yamai har Damagaram, tallar shayin "narkar da tumbi" da "wankin ƙoda" ta cika WhatsApp da TikTok, har ƴan uwa da ke ƙasashen waje na aiko wa iyaye da kwalayensa. Damuwar masu saye tana da tushe, domin ƙiba na cin ƙoda a hankali, ba tare da ciwo ba. Shi ya sa aka keɓe Ranar Ƙoda ta Duniya ta 2017 kan wannan batu.

Idan jiki ya yi nauyi, ƙananan matatun da ke cikin ƙoda sukan yi aikin da ya fi ƙarfinsu, har su fara yoyon sinadarin furotin cikin fitsari. Kitse mai yawa kuma na haddasa kumburi, yana ƙara wasu ƙwayoyin sinadari masu cin sassan jiki kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Ga kuma ciwon suga da hawan jini da ke biyo bayan ƙiba, su ne kan gaba wajen kai mutum ga injin wankin ƙoda.

A nan ne ganyaye suka shigo. Koren ganyen shayi da zoɓo suna ɗauke da sinadaran da ke rage wannan tsatsa. Sai dai yawancin binciken da ya nuna sun kare ƙoda, a kan ɓerayen da aka ƙosar da abinci mai maiƙo aka yi shi. A jikin ɗan Adam, abin da ya fi fitowa fili shi ne tasirin zoɓo kan hawan jini. Wani bincike na jami'ar Tufts ta Amurka da aka wallafa a 2010 ya bi mutum 65 na tsawon mako shida: masu shan kofi uku a rana, awon jininsu na sama ya sauka da kusan maki 7. Taimako ne, amma bai kai ya maye gurbin maganin likita ba.

Matsalar a nan gida ita ce sukari. Shayin da ake dafawa a fada, daga na farko har na uku, da zoɓon leda mai sanyi, duk cike suke da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12. Wanda ya wuni a fada biyu zai iya zarce wannan kafin magariba.

Haɗarin da ya fi girma yana cikin haɗin da ba a san abin da aka zuba a ciki ba. Da yawa daga shayin rage ƙiba na ɗauke da ganye mai sa zawo, dangin filasko. Sikeli ya nuna an ragu, alhali ruwan jiki ne ya tafi, kuma a zafin watan Afrilu hakan kan iya tsayar da ƙoda. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a birnin Burussel na Beljiyam sun samu lalacewar ƙoda bayan shan wani haɗin ganyen rage ƙiba da aka gano yana ɗauke da guba. Da dama sun ƙare a wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daji ya kama su a mafitsara.

Wankin ƙoda dai sau biyu ko uku ake yin sa a mako, kuma cibiyoyinsa a Nijar ba su da yawa, abin da ke tilasta wa iyalai barin gari da sana'a.

Shawarar likitoci ga mai ƙiba ita ce ya auna jini da suga, ya yi gwajin fitsari da na kiriyatinin aƙalla sau ɗaya a shekara, ya rage gishiri da dunƙulen miya, ya riƙa tafiyar ƙasa. Zoɓo ko shayi ba sukari babu laifi. Wanda ƙodarsa ta riga ta taɓu, ko yake shan maganin hawan jini, ya tambayi likita kafin ya ɗora tukunyar kowane ganye.